Littafin da na binne a buhun shinkafa

Azumin bana, kullum bayan la'asar sai na sauko daga bene na ratsa kasuwar buɗa-baki ta unguwarmu Cheras, a nan Kuala Lumpur. Hayaƙin gashin kaza ya rufe titi, masu ruwan rake suna ta kwala kira, mutum ba ya samun inda zai ajiye ƙafa. Shekaranjiya ina tsaye a layin mai kunun shinkafa sai hadari ya haɗo, iskar nan mai ɗumi da ke rigan ruwa isowa ta buso min a fuska. Ita ce iskar da na sha a azumin shekarar korona, lokacin da ba kowa a wannan titin sai ni da jakar cefane da abin da ke ci na a rai. Abin da ke ci na kuwa kishi ne. Kishin aboki, irin wanda namiji ba ya son faɗa da bakinsa.

Mu uku ne a gidan, a hawa na goma sha huɗu: ni Kabiru, da Mukhtar, da Istifanus. Ni da Mukhtar tun firamare a Funtuwa muke tare, benci ɗaya muka zauna, bulala ɗaya muka sha. Ni ne babban aboki ranar aurensa, ni kuma na cike masa takardu ya biyo ni karatu Malesiya, ya bar matarsa Hauwa a gidan iyayenta da juna biyu. Istifanus ɗan Jos ne, a filin ƙwallon Asabar muka san shi. Kwana biyu kafin a kulle gari aka rufe masaukin kwalejinsu, ya rasa inda zai sa kansa, ni da bakina na ce ya zo ya zauna a ƙaramin ɗakinmu. Kada a manta da wannan, ni na kawo shi.

Ya zo da akwati ɗaya da kwali ɗaya, kwalin ya fi akwatin nauyi. Da ya buɗe sai ga littattafan zane na Japan, irin masu baƙi da farin nan, an fassara su da Malay. A wani shagon tsofaffin littattafai a unguwar Brickfields ya tsince su. Labari ɗaya ne a littafi ashirin, amma sha tara yake da su, na ƙarshen bai taɓa samu ba. Na ɗaga ɗaya na jujjuya, na ce, "Kai da gemunka, har yanzu littafin yara kake karantawa?" Ya yi dariya ya ce, "Oga Kabiru, wannan ba na yara ba ne o." Na ajiye masa abinsa na tafi sabgata.

Dokar lokacin ita ce mutum ɗaya tak ke fita cefane daga kowane gida, 'yan sanda kuma suna tsaye a mararraba suna tambaya. Sunana ne a takardar haya, don haka ni na zama mai gida. Da farko har kumbura nake yi. In sa takunkumi, in rataya jaka, in tsaya a bakin ƙofa in ce, "Wa ke da saƙo?" kamar mai tafiya Makka.

Amma fitar ba ta da daɗi. Zafin Kuala Lumpur ba irin namu ba ne mai busar da leɓe, wannan dafa mutum yake da ransa. Kafin in kai kanti rigata ta manne a baya, takunkumin ya jiƙe da numfashi, ga ƙishirwar azumi. Sai in tarar da layi ya zagaye gini, kowa ya tsaya a kan zanen da aka yi masa a ƙasa. In layi ya zo kaina a ɗora min ƙaramar na'ura a goshi a auna zafin jikina, in rubuta suna da lambar waya, sannan in shiga in tarar da wurin burodi wayam. Ƙwai kwali ɗaya ake ba mutum, in an samu. A hanyar dawowa hadari ya haɗo, wani lokaci in riga shi shiga gida, wani lokaci ya yi min dukan tsiya.

Ba kasuwar buɗa-baki a shekarar, ba masallaci, ba jin ƙamshin girkin kowa sai naka. Kukar da muka zo da ita daga gida ta kusa ƙarewa, da ƙaramin cokali nake aunawa. Daddawa tun makon farko ta yi sallama. Na koyi dama kunu da garin shinkafa da tsamiyar mutanen nan, wadda ta fi tamu laushi, ba ta kai ta tsami ba. Na samo wake a shagon wani Ba'indiye, muka riƙa yin ƙosai. Kwanakin farkon nan, in faɗi gaskiya, sun yi daɗi. Mukan zauna mu uku a ƙasa da roba a tsakiya muna murje ɓawon wake da hannu, Mukhtar yana ba da labarin malamin lissafinmu na firamare, ni ina gyara masa inda ya yi ƙari. Istifanus yana ta dariya, shi ne baƙo, mu ne masu labari.

Ran biyar ga azumi abin ya juya. Na dawo daga cefane a jiƙe, tun daga bakin lif nake jin muryar Mukhtar yana rera wani abu. Na buɗe ƙofa na same su a kan tabarma, kafaɗa da kafaɗa, littafi a gabansu. Mukhtar ba ya jin Malay sai na ciniki, amma karanta shi ba wuya, yadda aka rubuta haka ake faɗa. Shi ne yake karantowa da ƙarfi, Istifanus da ya shekara shida a ƙasar yana fassarawa da Hausarsa ta Jos.

"Kabiru, zo ka ga ikon Allah," in ji Mukhtar. "Mun buɗe tafsiri. Ni ne mai jan baƙi, ga Malam Istifanus yana fassara. Kuma littafin daga dama ake buɗe shi, ka ga ni na gida ne."

"A yi hattara da baki, azumi ake," na ce.

"To zauna mana, yanzu muka fara. Boleh, ba matsala, sai mu koma farko saboda kai."

Na ce, "Ni da zan zauna, wa zai dafa abin da za ku ci?" Na wuce kicin na rufo ƙofa da ɗan ƙarfi.

Daga ranar tsarin gidan ya zama haka. Mu yi sahur, mu yi asuba, kowa ya shiga ɗakinsa ya yi darasi ta kwamfuta har azahar. Bayan la'asar ni in fita ko in shiga kicin, su su shimfiɗa tabarma. Waken da muke murzawa mu uku ya koma ni kaɗai. Ba wai sun ƙi taya ni ba, sau da yawa Istifanus yakan leƙo ya ce, "Oga, kawo in yanka albasa," in ce masa na gama, alhali ban fara ba. So nake in wahala, a ga na wahala, a ji kunya. Ba wanda ya ji.

Labarin kuma duk da na ce ba ruwana, ta ƙasan ƙofa yake shigo min gutsure-gutsure. Wasu abokai huɗu ne a wani gari na bakin teku. Wata ƙungiya ta shigo garin tana gyara wa mutane agogo kyauta, duk wanda aka gyara wa nasa sai ya wayi gari ya manta da mutum ɗaya a rayuwarsa, kamar bai taɓa saninsa ba. Abokan nan huɗu su kaɗai suka gane, suka yi alkawarin tona asirin ƙungiyar, ana ta farautarsu, kuma ana zargin ɗaya daga cikinsu yana kai rahoto. Sunayen Japan sun yi wa Mukhtar nauyi a baki, sai suka raɗa musu nasu: Dogo, Mai Tabarau, Hajiya Ƙarama, da Gwanki. In ruwan sama ya kece yana dukan tagar kicin ba na jin komai, sai in tsinci kaina na rage wutar murhu na matso da kunne jikin ƙofa. Da na ji motsi sai in koma in hau buga tukunya.

Abin da ya fi ƙona min rai, Istifanus bai ba ni inda zan kama shi ba. Ba ya azumi, amma bai taɓa cin ko biskit a gabanmu ba, a ɗakinsa yake ci ya goge baki ya fito. In an kusa shan ruwa shi ke jera dabino da kofuna. Da mugu ne da na samu sauƙi. Ga shi mutumin kirki, kuma ga Mukhtar yana yi masa irin dariyar da na ɗauka ni kaɗai nake iya fito da ita, mai sa shi dukan cinya yana tari.

A wajen buɗa-baki ma ban tsira ba. In yi awa biyu a gaban wuta, in kawo tuwon shinkafa da miyar kukar da na tattala, su kai loma baki suna musu a kan ko Gwanki ne munafukin. Ko "sannu da aiki" sai an tuna. Mukhtar ya ce, "Wallahi Mai Tabarau ne, ka ga yadda ya kau da ido a tashar jirgi?" Istifanus ya ce, "No lah, Malam, ka jira littafi na tara." Ni ina zaune a tsakaninsu kamar wanda ya shiga motar da ba tasa ba. Har suna suka sa min daga cikin littafin, wai Mai Kanti. Ban tambayi wane ne shi ba, don a ganina tambaya saukar da kai ce.

Wajen goma ga wata na fara lura da wani sabon abu. Bayan azahar sai su fita baranda su janyo ƙofar gilashi, su tsaya suna magana ƙasa-ƙasa, Istifanus ya dafa kafaɗar Mukhtar. In na fito sai su yi shiru. Na ce a raina, to, abin ya wuce littafi, yanzu har asiri ake yi ban da ni. Shekara ashirin da biyar ina gaba a wajen mutumin nan, yaron da na taimaka wa da ɗaki ya zo ya ture ni cikin wata ɗaya. Sai na ɗauke wa Mukhtar wuta gaba ɗaya. Gaisuwa, salla, "abinci ya sauka," shi ke nan. Ko a asham da muke yi mu biyu a falo, ana sallamewa nake naɗe dardumata in shige ɗaki.

Ran ashirin ga azumi suka gama littafi na sha tara. An tsaya a inda aka kama Hajiya Ƙarama, ana shirin bayyana munafukin. Mukhtar kamar zai yi hauka. Istifanus ya yi ta cigiya a waya har ya samu wani mutum a benayen tsallaken babban titi, kusa da kantin da nake zuwa, mai littafi na ashirin. Mutumin ya ce zai bar shi wajen mai gadinsu. Wa zai karɓo? Mai gida.

Mukhtar ya biyo ni har bakin ƙofa, rabon da ya roƙe ni wani abu an kwana biyu. Ya ce, "Mutumina, don Allah kada ka manta. Ko cefanen ka manta, wannan kada ka manta."

Ban manta ba. Mai gadin ya miƙo min shi ta taga, na jefa a jaka ƙarƙashin kabeji. Duk hanya ina jin sa yana dukan ƙafata. Rana ta take, ba ko iska, maƙogwarona ya bushe, kuma maganarsa ta ƙi barin kunnena: ko cefanen ka manta. Wato wahalar da nake sha a rana ba ta kai wannan 'yar takardar ba. Ina shiga gida na wuce kicin kai tsaye, na kwance bakin buhun shinkafa, na tura littafin da hannu har gwiwar hannuna ta nutse, na share sama. Na fito na ce, "Mai gadi ya ce shi ba a ba shi komai ba."

Istifanus ya kira mai littafin, mutumin ya rantse ya bayar. Na ce ai masu gadin canji suke yi, wa ya san wanda ya yi gaba da shi. Na ɗora wa bawan Allah sata, da azumi a bakina. Mai littafin ya ce ba komai, a bar maganar. Mukhtar ya koma ya zauna a kan tabarma yana kallon bango.

Na ɗauka tafsiri ya tashi ke nan, za a dawo murzar wake. Ina! Da suka rasa ƙarshen labari sai suka zauna ƙirƙiro nasu. Kullum bayan la'asar kowa ya kawo yadda yake ganin za a ƙare, su koma littattafan baya suna neman hujja, su zana taswirar garin a bayan kwalin ƙwai. A da awa ɗaya suke yi, yanzu sai an kira magariba a waya. Da hannuna na ƙara musu zama. Ni kuma kullum in na ɗebi shinkafa sai in ga buhun yana sauka, in ƙara tura littafin ƙasa. Sau biyu na yi niyyar jefa shi a shara, na kasa. Sau ɗaya na fito da shi na buɗe, na ga fuskokin mutanen da ban sani ba suna kuka, na mayar.

Ranar jajiberen salla na fita tun hantsi, don layin ranar ya fi na kullum. Sai bayan azahar na dawo. Istifanus ne ya buɗe min ƙofa, ya karɓi jaka ɗaya, ya bi ni kicin ya tura ƙofa. Tukunya tana kan wuta, ƙamshin dafa-duka ya cika wurin.

"Na ce bari in huta da kai yau, ka gaji da yawa," in ji shi. Sai ya sa hannu a bayan firji ya ciro littafin. "Oga Kabiru, na ga wannan a cikin shinkafa."

Na ajiye jakar da ke hannuna a ƙasa.

"Ban gaya ma shi ba," ya ce. "Gobe ka ce mai gadi ya samu. Finish. Ba sai an yi dogon magana ba."

Da zagina ya yi da na ji daɗi, da na samu abin ramawa. Sai ya miƙo min littafin da hannu biyu, ya juya ya ci gaba da juya tukunya. Ban taɓa jin na tsani mutum ina kuma jin kunyarsa a lokaci ɗaya ba irin ranar.

Sallar shekarar a falo muka yi ta. Ba filin idi, ba gaishe-gaishe, garin shiru kamar an yi shara. Muka sa manyan kaya ni da Mukhtar muka yi raka'a biyu tsakanin kujera da talabijin, Istifanus ya ɗauke mu hoto don a tura gida. Da muka zauna cin abinci na shiga ɗaki na fito da littafin, na ce, "Ga goron sallarka. Jiya mai gadin ya tare ni, wai ya gan shi a cikin durowa."

Mukhtar ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Ya karɓa ya buɗe, sai ƙwayoyin shinkafa suka zubo daga tsakanin shafuka, suka yi tsalle a kan faranti. Huɗu ko biyar ne. Ya dube su. Ya girgiza littafin, wasu suka ƙara faɗowa. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya tara a tafin hannu, sannan ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Mutumin da ya san ni tun ina saka gajeren wando ba ya buƙatar a yi masa bayani.

"Istifanus, ɗan ba mu wuri," ya ce.

Da ƙofar ɗakin ta rufu na riga shi magana, don na san in na bari ya fara na kaɗe. Na zazzage masa komai: rana, layi, wake, dariya, baranda. Na ce, "Ka samu sabon aboki ka ajiye ni kamar ɗan aiki. Har asiri kuke yi, in na fito ku yi shiru."

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Hauwa ta yi ɓari ran tara ga azumi. Namiji ne. Kwana huɗu ta yi a asibiti, ni ina nan, ko jirgi babu."

Na dafe kai da hannu biyu.

"Sau biyu na zo ƙofar kicin zan gaya maka," in ji shi. "Na farko ka ce in ba ka wuri kana aiki. Na biyu ko juyowa ba ka yi ba. Shi ya gan ni ina kuka a baranda, ya tambaya. Karatun nan da kake jin haushi, shi ke hana ni zama in tasa waya a gaba. Kabiru, kai ka fara sanin cikin nan kafin kowa. Azumi guda, ko sau ɗaya ba ka ce min ya jikin Hauwa ba."

Na ce Innalillahi, na ce ya yafe min, na yi kuka da babbar riga a jikina. Ya ce ya yafe, kuma na san da gaske yake, don Mukhtar ba ya riƙo. Da la'asar suka shimfiɗa tabarma, na zauna tare da su a karon farko. Ya ja baƙi, Istifanus ya fassara, ruwa yana zuba a waje. Da aka zo ƙarshe su biyun idanunsu suka kawo ruwa. Ni kuwa ban san wane ne wane ba, sai kallon hotuna nake.

Da aka buɗe hanya Mukhtar ya kammala ya koma gida, Istifanus ya samu aiki a wani gari, ni na zauna a nan. Muna waya da Mukhtar, muna dariya, in ya tashi tsokana har yanzu ba ya raga min. Duk wanda ya gan mu zai ce ba abin da ya taɓa faruwa.

Bara, ina ofis da rana, waya ta yi ƙara. Istifanus ne.

"Oga Kabiru, ka ji good news? Hauwa ta sauka lafiya. Mace!"

Na ce Alhamdulillahi, na ce madalla, na yi murna har cikin raina. Na ajiye wayar a kan tebur na tasa ta a gaba. Kiran Mukhtar ya shigo bayan minti arba'in. Na san arba'in ne, don ina dubawa.